Taku Goma Daga Bakin Ruwa

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na wasa sarƙa, na wanke filogi, injin yankan itace ya tashi a ja na biyu. Alhamdu lillahi.

Mai Albasa ya ba mu aikin kurmin da ya rage a gwiwar kogi, ni da abokin aikina Dogo. Yana so a share masa kafin damina, don baɗi gonar raninsa ta kai har bakin ruwa. Ya ce wata biyu ya ishe mu. Na ce in inji bai ba mu kunya ba.

Shekara tara ke nan ina yankan itace. Da farko ina ƙirga waɗanda na kayar. Na daina.

Littafin nan na 'yata ne, ta gama aji ta bar shafuka. Maman yara ce ta ce tun da in na dawo ba na magana, kunnena na ta ƙugi, gara in riƙa rubutawa ko ta samu ta karanta. Ba za ta karanta ba. Cikin akwatin kayan aiki zai kwana.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Cikin Inna ya motsa. Ta kira ni tun ban sa takalmi ba.

"Auta, ka je gwiwar kogi. In ka wuce babbar kanya ka yi hannun dama, akwai tafashiya uku a jere. Ta tsakiya nake so. Kada ka haƙa gefen da na haƙa."

Gefen da ta haƙa! Shekara huɗu rabonta da gani, biyar rabonta da kogi. Da can mata har layi suke yi a ƙofar ɗakinta, wannan ganye, waccan saiwa, ita kuma duk daga kurmin nan take ɗebowa. A kanta komai na nan yadda ta bar shi.

Tafashiyar nan uku mu muka tumɓuke su bara. Albasa ce a wurin.

Na je kasuwa wajen mai saiwoyi na sayo. Ta shinshina, ta ɗan gatsa. "Ta bushe da yawa." Na ce rani ne, Inna. Ta ce uhm.

Abin da ta sani shi ne darbejiya da itacen turare nake yanka wa mutane a cikin gari, masu taɓa waya da masu fasa katanga. Ni na gaya mata haka. Kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Furfura a gemuna, har yanzu Auta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Marke shida, giyayya huɗu. Bayana kamar an taka shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun tarar da wata mata a kurmin da safe. 'Yar ƙarama, da faffaɗar hula da takalmin roba, tana zagaya tef ɗin awo a jikin tsamiya kamar za ta ɗinka mata riga. Dogo ya ce shi ke nan, hukuma ta zo. Ashe malamar jami'a ce, aikinta tsirrai. Tana bin kogin tun daga sama, tana kafa igiya murabba'i, tana rubuta duk abin da ya tsiro a ciki, daga babban itace har ciyawa.

Na jira ta fara wa'azi. Ba ta yi ba. Ta gaishe mu, ta ce ya aiki. Sai ta ce, don Allah gobe ina za ku yanka, in riga ku zuwa?

Wannan tambayar ta fi zagi ciwo, ban san dalili ba.

Na nuna mata. Dogo ya sa mata suna Mai Ƙirga. Ni dai Malama nake ce mata.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Maman yara ta jawo mini. Malama ta shiga asibitin unguwa neman maganin ƙaiƙayi, ta tarar da ita a layi, hira ta yi hira. Malama ta ce tana neman tsohuwa ko tsoho da ya san sunayen itatuwa na asali, don waɗanda ta tambaya duk "itace ne" suke ce mata. Ita kuma baiwar Allah ta ce ai surukata ce uwar wannan.

Ran Lahadi za ta zo gidanmu.

Na ce kin san abin da kika yi kuwa? Ta ce na sani, na samo wa Inna abokiyar hira. Ta ci gaba da wankinta ko ɗago kai ba ta yi ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ta zo da buhu cike da rassa, kowanne da 'yar takarda a ɗaure. An shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Na zauna can gefe ina gyaran abin da bai lalace ba.

Ban taɓa ganin Inna haka ba tun da idonta ya rufe. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙa hannu kamar mai karɓar jariri. Malama na sa mata reshe, ita tana shafawa, ta murje ganyen, ta kai hanci.

"Ɗinya. Ganye biyar kamar yatsu, ko makaho ya sani." Ta yi dariya ita kaɗai.
"Baure. Daga gefen ruwa kika karyo shi, ya fi laushi."
"Kurna. Kin bar mini ƙayar don ki gwada ni ko?"

Wani ta riƙe shi ta daɗe. Sannan ta ce, "'Yar nan, ina kika samo malmo?" Malama ta ce a gwiwar kogi, guda ɗaya, kuma duk tsawon kogin da ta biyo shi kaɗai ta gani. Inna ta ce ba zai yiwu ba, ai malmo a can kamar an shuka, in ya nuna yara bakinsu baƙi ƙirin suke dawowa gida. "Tambayi Auta. Sau nawa na doke shi kan riga."

Malama ta kalle ni. Na kalli filogi.

Akwai wata ƙaya da ta kawo, Inna ta shafa ta yar. "Wannan baƙuwa ce, ban san ta ba." Malama ta ce gaskiya ne, daga wata ƙasa aka kawo ta don tare yashi, yanzu ita ce ke cinye duk inda aka share aka bari.

Sai da la'asar ta tafi. Inna ta ci abinci har da ƙari.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na tare Malama a bakin kogi kafin Dogo ya iso. Na ce mata tsohuwar nan ba ta san halin da wurin yake ciki ba, kuma ba ta san hannuna a ciki ba. Na ce ina roƙon arziki.

Ta gama naɗe tef. Ta ce, "Ba zan fara maganar ba. Amma in ta tambaye ni kai tsaye, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na ce ya isa. Bai isa ba, amma me zan ce.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Babbar kanya.

Sai da muka ƙara mai sau uku. Ni da Dogo mun gwada haɗa hannu a jikinta kafin mu fara, ba mu haɗu ba, ga shi kuwa hannunsa kamar gora. Da ta faɗi ƙasa ta girgiza har injin ban ruwa na can nesa ya ɗauke. Tsuntsaye suka tashi suna ta kewaya wurin da take, sama fayau, babu abin sauka.

A gindinta Inna take ajiye ni in tana haƙa. Ba don komai na rubuta ba, tunawa kawai na yi.

Katakon zai yi kyau.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Da rana muka zauna inuwa ɗaya, ni da Dogo da Malama, sai ga Mai Albasa ya zo duba aiki. Ta nuna mana wata tsohuwar takarda. Malaminta ne ya yi irin wannan ƙirgar a daidai wurin nan, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Itatuwa da ƙananan bishiyoyi iri sittin da huɗu. Ita ta samu ashirin da uku.

Dogo ya ce to mu ne muka cinye arba'in? Ta ce a'a, ba ku kaɗai ba. Tun da aka datse kogin a sama, ambaliya ta daina hawowa nan, giyayya kuwa sai ƙafarta ta jiƙa wata biyu a shekara. Ga awaki, duk abin da ya leƙo daga ƙasa sun cinye. Ga masu gawayi. Ga gonaki. Ta ce, "Ku duba da kyau. Kun ga yaro a kurmin nan? Duk tsofaffi ne. Ko ba ku taɓa su ba, babu mai gadonsu."

Na duba. Wallahi babu. Shekara tara ina shiga wurin ban lura ba.

Mai Albasa bai yi fushi ba. Ya ce Malama, ruwan da ya guje wa itatuwanki ni ma ya guje mini. Gonar ubana tana can sama, da ruwa har cikinta yake zuwa, yanzu sai na biyo shi. Mutum talatin ke ci a ƙarƙashina. In na sallame su, su ma nan za su zo, da gatari.

Ta ce ta sani. Ta ce ba ta zo da amsa ba, ƙirga kawai take yi.

Ni dai ban ga mugu a inuwar nan ba. Amma kurmin na tafiya.

Asabar, 1 ga Maris

Malama ta ƙara zuwa wajen Inna, sau na uku. Yanzu har da waya take ɗaukar muryarta. Bayan ta tafi Inna ta ce, "Auta, ka kai ni kogi."

Na ce zafi, Inna.
"Da safe."
Na ce hanyar ta lalace.
"A bayanka ma na yarda. Ai na goya ka a kanta."

Alhamis, 6 ga Maris

Na ce babur ba birki. Na ce aiki. Na ce sai jikinta ya yi ƙwari. Yau ta ce wa Maman yara ta nemo mata sanda mai tsawo, za ta je da kanta, ƙafarta ta san hanya ko ido bai sani ba.

Kuma za ta aikata. Na san wadda ta haife ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kai ta.

Na ɗaure ta da zane a bayana kan babur don kada ta zame. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A hanya tana ta ba ni labarin wurare: nan akwai goriba, nan aduwa, nan wata ɗorawa da ƙudan zuma. Ina cewa e, e. Fili ne fetal.

Na tsaya a inda hanya ta ƙare. Na sauke ta, na riƙe mata hannu. Ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ta ɗaga fuska sama.

"Mun iso?"
Na ce mun iso.
"Rana na dukan kaina."

Ta karkata kunne. Injinan ban ruwa uku na ta fat-fat-fat. Ta ce da in ka iso nan sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, saboda tsuntsaye. Ta ce kai ni wajen kanya.

Na kai ta. Ta sunkuya, ta sa tafin hannu a kan kututturen. Ta shafa tun daga baki har tsakiya, a hankali, kamar tana shafa kan mara lafiya. Ta zauna a kai. Ta yi ƙanƙanta a wurin, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba.

Na buɗe baki in ce masu gawayi ne. Na riga na shirya maganar tun a gida. Abin da ya fito shi ne, "Inna, ni ne."

Ta ce, "Na sani."

Na ce Malama ce ta gaya miki?

"'Yar mutane ba ta ce komai ba. Ido na rasa, Auta, ba hanci ba. Darbejiya ɗaci gare ta. Turare kuwa sunansa ya faɗa. Kai shekara biyu kana shigo mini ɗaki da warin giyayya da marke a riga. Ran Juma'ar nan da kanya ka shigo. Ban ci abinci ba, ka ce cikina ne."

Na ce to me ya sa kike ta aikena saiwa?

"Ina jira ka faɗa da bakinka." Ta shafa kututturen. "Kuma na ɗauka ka rage wani abu."

Na tsuguna a gabanta, ni da gemuna. Na fara lissafa mata dalilai, yara, makaranta, gonar da ruwa ya daina kaiwa, cewa in ban yanka ba wani zai yanka. Ta bar ni na gama. Ta ce duk gaskiya ne. Ta ce ita ma ba ta wanke kanta ba, akwai maɗacin da ta yi ta sassaƙa har ya bushe a tsaye, shekara da shekaru abin na damunta. "Amma ni na san sunan wanda na kashe."

Ba ta yi kuka ba. Gara ma ta yi.

Ta ce in kai ta wurin abin da ya rage. Muka bi gefen ruwa, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su kamar ta shiga gidan suna. Baure. Tsamiya. Ɗinya biyu. Bagaruwa. Da muka zo malmo ta rungume shi, ta kanga kunci a jikinsa. Ta ce, "Kai kaɗai?"

Jan fenti na jikinsa, alamar da Dogo ya sa. Na mako mai zuwa ne. Hannunta na kan fentin, ba ta sani ba. Ko ta sani. Na daina rantsuwa kan abin da Inna ta sani.

Muka kama hanyar gida. Kanta kawai na ji a bayana.

Litinin, 10 ga Maris

Ban je aiki ba. Na aika wa Dogo cewa sarƙa ta tsinke.

Alhamis, 13 ga Maris

Sarƙa ba ta tsinke ba, kuma Dogo ya sani, don shi ya sayo ta.

Inna na amsa gaisuwa, shi ke nan. "Lafiya lau." Babu Auta. Ban san ina son sunan ba sai yanzu.

Maman yara ta same ni a zaure ina zaune. Ta ce zaman nan ba zai mayar da kanya ba, kuma ba zai cika tukunya ba. Na ce to me kike so in yi, in sayar da inji mu ci iska? Ta ce wa ya ce ka sayar? Baki gare ka. Ka je ka yi wa Mai Albasa magana. Shekara tara kana yi masa aiki ba ka taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba.

Na ce ba zai yarda ba. Ta ce to ka je ya ƙi, ka ga ka samu abin rubutawa a littafinka.

Ashe ta san inda yake.

Litinin, 17 ga Maris

Na same shi a rumbun albasa, ana ta juya ta don kada ta ruɓe. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce Mai Inji, faɗi abin da ya kawo ka, albasa na jira.

Na ce ranka ya daɗe, a bar layin bakin ruwa. Na kawo masa abin da Malama ta ce, wai saiwoyin nan su ke riƙe gaɓa. Na ce ma'aikata na bukatar inuwa. Na ce ƙasan wurin ma gangare ne, ba zai yi albasa sosai ba. Yana ta jinjina albasa a hannu yana saurare.

Ya ce, "Duk wannan maganar Malama ce. Ina taka?"

Na ce na kai mahaifiyata wurin.

Ya ajiye albasar. Ya ce tana nan da rai? Ya ce lokacin da babban ɗansa yana jinjiri, gudawa ta kusa kai shi, asibiti ya yi nisa, ita ta ba su abin da ya riƙe shi har suka isa. Bai taɓa haɗa ni da ita ba.

Ya yi tunani. Ya ce taku goma daga bakin ruwa. Goma, ba sha ɗaya ba. Abin da ke ciki na bar wa Inna, abin da ke waje nawa ne, kuma kai za ka yanka, kada ka sake aiko mini da zancen sarƙa.

Na yi godiya. A hanya na biya ta wurin na auna. Malmo na taku sha uku.

Laraba, 19 ga Maris

Yau aka yi awo. Mai Albasa ya zo da kansa, Malama ma ta zo da tef ɗinta. Ya ce a'a, taku ya ce, ba tef ba. Ya ce waye zai taka?

Ban shirya komai ba, Allah ya sani. Dogo ne ya tuɓe takalmi ya ce shi zai yi. Ya naɗe wando har cinya. Ya tsaya a bakin ruwa, ya ja numfashi, ya buɗe ƙafafun nan nasa kamar zai tsallake rijiya. Ɗaya. Biyu. A na bakwai na ji wando ya ce ɓarrr. Bai tsaya ba. Na goma ya dire ƙafa bayan malmo da kamar tafin hannu, ya tsaya yana rawa, hannu ɗaya a baya yana rufe ɓaraka.

Ma'aikatan gona suka fashe. Malama ta rufe fuska da hula.

Mai Albasa ya ce, "Dogo, wannan taku ne ko tsalle?"
Dogo ya ce ranka ya daɗe haka Allah ya yi ni.

Ya kalli malmo, ya kalle ni, ya kalli wandon. Ya ce a buga turaku. Ya ce amma ɗinkin wando ba ruwansa.

Itace goma sha tara suka shiga. Iri takwas. Sauran mun ci gaba da su da rana. Akwai tsamiya ɗaya mai kyau a taku kamar sha biyar, ko Dogo ba zai kai ba. Ni na yanka ta.

Alhamis, 20 ga Maris

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Sha tara." Ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, "A gaida mai wando."

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun gama aikin gwiwar kogi. In ka tsaya daga nesa, layin nan kamar gashin da aski ya manta. Malama ta ce kada in ruɗi kaina, taku goma ba kurmi ba ne, kuma in ba a kare tsiro daga awaki ba, tsofaffin za su mutu ɗaya bayan ɗaya a bar fili. Na ce na ji. Ba ta iya daɗaɗa magana ba, shi ya sa na yarda da ita.

Dogo ya ja rassan ƙayar nan baƙuwa ya jera a bakin turaku. Ya ce tun da ta zo cin arziki sai ta yi gadi.

Talata, 15 ga Afrilu

Malama ta zo sallama, za ta gangara ƙasan kogi. Ta ce Inna ta ba ta suna saba'in da ɗaya, har da bakwai da babu su a takardar malaminta. Inna ta ce malamin naki namiji ne, ba ya sunkuyawa.

Bayan ta tafi gidan ya yi shiru. Ina wucewa ta ƙofar Inna sai na ji, "Auta."

Na koma da sauri har na yi tuntuɓe da buta.

Ganye ne a hannunta, cikin waɗanda Malama ta bari. Ta ce rufe ido. Ta sa mini a hannu. "Mene ne?" Na shafa, na shinshina. Na ce marke. Ta ce kaico. Ta ce marke ɗari nawa ka kayar? Wannan sabara ce, ko akuya ta sani.

Na ce ni ta gindi nake saninsu, Inna, ba ta ganye ba.

Ta ce zauna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Takwas cikin goma yau. Ta ce sa'a ce.

Talata, 13 ga Mayu

Sabon aiki, can sama da gada, wajen wani mai tumatir. Hanya ta yi nisa, sai da muka yi tafiyar awa. Wurin ya fi namu lalacewa, ƙayar nan ta cinye rabi. Mun share masa ita, wannan kam da daɗin rai. Bagaruwa bakwai, su ma sun tafi. Aiki ne, kuma ban ce na tuba ba.

Akwai wata a gefen gaɓa, doguwa, ban san ta ba. Na tsinki ganye na sa a aljihu, ban ma san na yi ba. Mai gonar ya ce ita yake so a fara da ita, katako zai fitar na ƙofa.

Na zagaya ta. Na ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari, na kanga kunne. Lafiyarta ƙalau, tauri kamar dutse, da ta ba shi ƙofa huɗu. Na ji bakina yana cewa, ranka ya daɗe wannan ta ruɓe a ciki, kogo ce, asarar mai kawai za ka yi, kuma in ta faɗi gaɓar za ta bi ta.

Ya ce ka tabbata? Na ce shekara tara.

Dogo ya zo ya ƙwanƙwasa shi ma. Ya daɗe yana saurare, fuska a murtuke. Ya ce kai, wannan ai har iska ake ji a ciki.

An bar ta.

Ba wani abu ba ne. Zafi ake yi, ga sarƙa ta fara dakushewa, kuma itacen da ban san taurinsa ba ba na son sa masa inji. Shi ke nan dalili.

Inna ta shafa ganyen, ta ce taura ce. Ta ce ran Juma'a in koma in duba mata ko akwai ƙanana a gindinta. Na ce hanyar da nisa.

Zan dai ga yadda mai ya yi.